Alewar Delmar

Ranar Juma'a ce cikin azumin Ista, lokacin da Katolika ke ƙaurace wa nama ranar Juma'a, kuma a garin nan namu na arewacin Wisconsin in Juma'a ta yi babu mai ɗora tukunya a gidansa. Kowa mashayar Lorna Zastrow yake nufa cin kifi, da Katolikan kirki da wanda rabonsa da coci tun ranar aurensa. Tun kafin la'asar motoci suka cika filin da aka share wa dusar ƙanƙara, ƙaurin man suya ya kama labule da rigunan sanyin da ke rataye a bakin ƙofa.

Lorna tana bayan kantar sayar da abin sha tana yanka lemu, amma idonta na kan ƙofa, don yau Delmar zai dawo.

Delmar Kubiak mijin yayarta ne, marigayiya Verna. Ya haura saba'in, shi kaɗai a gidansa na bakin tafki, daga shi sai wata tsohuwar karya da kwale-kwalen da ya girme ta. A farkon sanyin nan ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki. A asibiti aka ce sugansa ya yi hawan da ba a wasa da shi, aka canza masa magani zuwa mai ƙarfi. 'Yarsa Janine ta taso daga Minneapolis da shirinta a hannu: a sayar da gida, Baba ya koma wani gidan kula da tsofaffi kusa da ita. Delmar ya ce sai dai a fitar da gawarsa. Lorna ce ta shiga tsakani.

"Ki bar min shi," ta ce wa Janine. "Abin da zai ci da abin da zai sha duk ta hannuna suke bi."

"Inna Lorna, sau ɗaya tak," in ji Janine. "In ya sake faɗuwa zan zo in ɗauke shi, kuma ba zan saurari kowa ba. Sannan don Allah ban da giya."

Kafin ta koma ta sa aka liƙa masa wani ɗan abu kamar maɓallin riga a dantse, wanda ke gaya wa wayarsa yadda sugansa yake, wayarsa kuma ta gaya wa tata. Lorna ta amsa da to ga komai, amma maganar giyar nan a ranta ta ce sakarcin 'yan birni ne. Yarinyar da aka haifa a gabanta ce za ta koya mata ciwon suga? Ita da ta yi jinyar uwarta har aka yanke mata ƙafa, kuma tsohuwar ko ɗigon giya ba ta taɓa kai wa bakinta ba, kek da alewa ne suka cinye ta, tana ɓoye su a ƙarƙashin matashi. Tun daga lokacin Lorna ta tsani sukari kamar yadda ake tsanar mutum. A wurinta lissafin mai sauƙi ne: barandi, giyar da Delmar ke sha, ba shi da zaƙi, abin da ake zuba masa ne mugun. Kuma wa zai ce wa dattijon garin nan ya zo cin kifin Juma'a ya zauna da ruwa a gabansa kamar mai zaman makoki?

Da Delmar ya turo ƙofa mashayar ta ɗauki ihu. Ya ɗan rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma bakin nan yana nan.

"Ku kwantar da hankalinku, ba fatalwa ba ce," ya ce. "Orville, na ji har ka fara gwada kujerata."

"Ɗumama maka ita nake yi, ɗan rainin wayo," in ji Orville, abokinsa tun suna aiki a masana'antar takarda. "Mu har mun zaɓi waɗanda za su ɗauki makara. Ni na ce ba zan iya ba, bayana."

Delmar ya hau kujerarsa ta ƙarshen kanta, wadda ke kallon tafki. Da ya sunkuya, wani ƙunshin alewa dogo kamar yatsa ya leƙo daga aljihun rigarsa. Lorna ta miƙa hannu ta zare shi kafin ya ankara.

"Au, haka za mu yi da kai, Yaya Delmar? Tun ba a je ko'ina ba?"

"Ke, ba ni abina. Likita ne ya ce in riƙa yawo da ita."

Aka kwashe da dariya. To ai laifinsa ne. Mutumin da ya yi shekaru yana rantsuwa cewa ya taɓa kama kifin da ya ja kwale-kwalensa har tsallaken tafki, yau shi zai ce likita ya rubuta wa mai ciwon suga alewa?

"Wane likita ne wannan, mu ma mu je?" in ji Orville. "Ko zai rubuta min sigari."

"Da gaske nake, ƙanwata," Delmar ya ce a hankali. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ga duk idanu a kansa. Shi mutum ne da ya gwammace a yi masa dariya a kan ƙarya da a tausaya masa a kan ciwo, saboda haka ya ɗaga kafaɗa. "To riƙe. Dama tun kina yarinya kike sace min alewa."

Lorna ta jefa ƙunshin a aljihun rigar aikinta, ranta fes. Ta ji kamar yayarta na kallonta tana sa mata albarka.

Ta haɗa masa abin shansa. A da barandi ne da sukari da yankan lemu da lemon kwalba mai zaƙi, irin wanda kowa ke sha kafin kifi. Yau ta cire sukarin, ta cire lemun, ta sa ruwan soda zalla. Da ta ga kofin ya yi fayau abin tausayi, sai ta ɗan ƙara sakin hannu wajen barandin don ta rage masa takaici.

Ya kurɓa ya yamutsa fuska. "Wannan ai ruwan wankin kofi ne."

"Sha ka gode wa Allah."

Daga nan kofuna suka fara sauka. A nan in mutum ya saya maka abin sha alhali na hannunka bai ƙare ba, ɗan ƙaramin kofi ake kife maka a gaba, alamar kana da wani yana jira. Orville ya fara, sai mai gyaran injin kwale-kwale, sai wasu mata biyu 'yan ƙungiyar cocin Verna. Kowa da irin tasa kulawar: "Lorna, kife wa Delmar ɗaya, amma ban da sukari fa." Suna faɗa suna jin sun yi abin kirki. Ana iya barin kofi har wata rana, babu dokar da ta hana, amma wanda ya saya maka yana zaune yana kallonka, ka ɗaga masa kofi ya ɗaga maka. Kafin a jima kifaffun kofuna sun yi layi a gaban Delmar, yana shanye ɗaya Lorna tana ɗauke ɗaya.

Bai ci komai da rana ba. Babu mai cin abincin rana ranar Juma'a, ciki ake tanada wa kifi. Maganinsa kuwa ya sha shi da safe cif, kamar yadda aka ce. Ga layin masu jiran tebur har waje, ga waya tana ta kuka, masu son a ƙunsa musu kifi su kai gida. Da farantinsa ya iso daga baya, Lorna ta tare shi a hanya. Ta kwashe wainar dankalin, ta ɗauke burodin, ta mayar da soyayyen kifin mai ɓawon fulawa aka kawo gasasshe tsirara da ɗan kabeji a gefe.

"Haba ƙanwata, ko yanki ɗaya na burodin."

"Ko ƙwaya. So kake Janine ta zo ta kwashe ka?"

Ya ɗan tsattsaga kifin ya ture farantin.

Rana na gab da faɗuwa bayan tafki Lorna ta lura ya daina surutu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, alhali duk lokacin da aka buɗe ƙofa sanyi sai ya ratsa ƙashi. Hannunsa na rawa a kan kantar. Orville ya ja shi da wata tsokana, maimakon ya rama sai ya daka masa tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya juyo wurin Lorna, idanunsa kamar ba su san inda za su tsaya ba.

"Verna," ya ce, harshensa ya yi nauyi. "Ba ni lemo. Mai zaƙi."

Sunan ya soke ta. Ta ɗauka giya ce ta tono masa kewar matarsa, kuma tausayi ya kama ta har ta kai hannu kan kwalbar ruwan lemu. Sai ta tuna ƙafar uwarta, ta janye hannun.

"Lorna ce, Yaya. Kuma ba za ka sha ba. Ga ruwa."

"Alewa… aljihu…" Yana lalube a ƙirjinsa.

"Ka ji shi," in ji Orville yana dariya. "Ya bugu ma bai manta da ita ba. Asibiti ya lalata mana kai, Delmar. Da can wannan ai somin taɓi ne."

Suka yi masa abin da ake yi wa kowa. A bayan mashayar akwai ɗakin ajiya, da wata tsohuwar doguwar kujera kusa da injin ƙanƙara, wadda rabin mazan garin nan sun taɓa kwana a kanta. Orville da wani suka tallabe shi suka kwantar. Lorna ta cire masa takalmi, ta lulluɓe shi da bargo, ta zare makullin motarsa daga aljihun wando don kada ya farka ya ce zai tuƙa. Ta tsaya tana kallonsa, tana jin tsoro, amma ba na abin da ya kamata ba. Tsoronta kada labari ya kai wa Janine cewa ubanta ya bugu. Ta fito ta ja ƙofa ta rufe, ta ce wa na kusa: "Abin da ya faru a nan ya tsaya a nan."

A cikin ɗakin wayar Delmar ta fara ƙara a aljihunsa. Injin ƙanƙara na gurnani, a waje ana ta hayaniya, babu wanda ya ji.

Wayar mashaya ma tana ta kuka. Lorna hannunta biyu cike da faranti, ta harare ta. "Kifi ya kusa ƙarewa, ku ci wake a gidajenku," ta ce, aka yi dariya. Wayar ta katse ta sake kamawa, ta katse ta sake kamawa. Sai da abin ya ishe ta ta fizgo ta.

"Kifi ya ƙare."

"Inna Lorna, ina Baba?" Muryar Janine ce, a shaƙe. "Tun ɗazu nake kira. Yana wurinki?"

Lorna ta juya wa mutane baya. "Yana nan lafiya lau, ya ɗan kishingiɗa ne. Kada ki damu, ko ƙwayar sukari bai taɓa ba yau, ni na tsaya a kansa."

Janine ta ɗaga murya.

"Sugansa ya faɗi ƙasa warwas. Ki ba shi lemo, ko sukari, ko me ke da zaƙi, yanzu. Akwai alewa a aljihun rigarsa. In ba ya iya haɗiya kada ki ɗura masa, ki kira motar asibiti. Inna, kina jina?"

Lorna ta saki wayar tana lilo. Ta suri kwalbar ruwan lemun nan da ta hana shi, ta banka ƙofar ɗakin ajiya. Bargon ya jiƙe sharkaf. Fuskarsa ta yi fari fat, bakinsa a buɗe, wayar na ta ƙara a ƙirjinsa. Ta girgiza shi, ta kira sunansa, ta ɗago kansa ta kai kwalbar bakinsa, lemun ya gangaro ta gefen haɓarsa ya shiga wuyan riga. Lokacin ba shi ta baki ya wuce.

"Orville, kira motar asibiti," ta ce. Muryarta ba ta ko ɗaga ba.

Daga garin gaba motar za ta taso, kan hanya mai santsi. Lorna ta durƙusa riƙe da hannunsa, tana jin ƙunshin alewar yana tokare mata ciki ta cikin aljihu. Da ma'aikatan suka iso suka huda masa yatsa, suka sa masa ruwan suga ta jijiya. Ɗayarsu, wata mace mai gajeren gashi, ta tambayi abin da ya sha da abin da ya ci. Lorna ta faɗa mata. Matar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Maganin nan janye suga yake yi daga jini," ta ce tana naɗe roba. "In ya yi ƙasa hanta ce ke sako wani. To kun ba hantar barasa tana fama da ita, ciki kuma babu abinci. Daga waje sai ka rantse maye ne."

Delmar ya buɗe ido kafin su ɗora shi a gadon ɗauka. Bai san inda yake ba.

Washegari da hantsi Lorna ta shiga asibitin, ba ta runtsa ba. Ta tarar da Janine zaune a gefen gado da rigar jiya a jikinta, idanu jawur. Delmar ya dawo hayyacinsa, sai dai ya tsufa a dare ɗaya. Likita ya ce ya tsallake, da an ƙara jimawa kaɗan da wani zancen ake yi.

"Na tambaye shi ina alewar," Janine ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Wai ya manta ta a gida. Abu ɗaya da aka ce kada ya rabu da shi. Kin gani ko, Inna? Yau alewa ya manta, gobe murhu zai bari a kunne. Kansa ya fara tafiya, ba zan bar shi shi kaɗai ba."

Lorna ta kalli Delmar. Ya ɗan girgiza mata kai, a hankali, yadda 'yarsa ba za ta gani ba. Rufa mata asiri yake yi, ko da zai rasa gidansa da tafkinsa da komai. Abin ya fi ƙarfinta. Kuma ta ga wata 'yar ƙofa: in dai mantuwa ce hujjar, to ai babu mantuwa. Ta sa hannu a aljihun rigar sanyinta ta fito da ƙunshin, ta ajiye a kan bargo.

"Bai manta ba. Da ita ya zo. Ni na ƙwace, ya ce likita ne ya ba shi na ƙaryata shi. Ya roƙe ni lemo na hana. Ni na kwashe masa dankali da burodi, ni na zuba barandin. Kansa ƙalau yake, Janine. In hukunci za ki yi, ni za ki yi wa, ki bar shi a gidansa."

"Kai, ƙanwata," Delmar ya ce, ya rufe ido.

Janine ta kalli alewar. Da ta yi magana ba ta ɗaga murya ba.

"Ya roƙe ki?"

"Ya roƙe ni."

"A gaban mutane?"

"Mashayar cike take."

"Da mantuwa ce, Inna, da sai in cika masa kowane aljihu da alewa, in sa a riƙa leƙa shi, wataƙila ma in haƙura zuwa bazara. Duk daren nan abin da nake ta saƙawa ke nan. Amma yana cikin hankalinsa, ya faɗi gaskiya, ya nemi abin da zai cece shi, garin nan kaf yana kallo ana dariya. Kuma duk cikinku babu wanda ba ya sonsa." Ta share hanci da bayan hannu. "Wa zan bar wa shi? Ke ce wadda ta fi kowa kula da shi."

Baƙin ciki ya kama Lorna, ga kunya, ga haushin kanta da ba ta san inda za ta kai shi ba.

Ba a sake mayar da shi gidan bakin tafki ya kwana ba. Ranar da za su wuce Janine ta tsaya da mota a gaban mashayar, ba ta kashe injin ba, ba ta kuma fito ba. Delmar ya sauke gilashi. Karyar tana kujerar baya, ya ce wurin da za shi ba a karɓar dabba. Lorna ta buɗe ƙofa ta kamo igiyar.

"Ba ta cin gasasshen kifi," ya ce. "Kada ki gwada mata."

Ta so ta yi dariya, abin ya ƙi. "Yaya Delmar, ka yafe min."

"Wane yafiya kuma? Shekara nawa ina yi muku ƙarya kuna yarda. Rana ɗaya na faɗi gaskiya." Ya kalli tafkin da ya daskare ta bayan kafaɗarta, inda 'yan bukkokin masu kamun kifi ke zube a kan ƙanƙara, tasa a cikinsu. "Ki ce wa Orville ya janye min bukkata kafin ƙanƙara ta narke."

Motar ta tashi.

Juma'ar da ta biyo baya mutane sun zo kamar kullum, sai dai babu wanda ya hau kujerar ƙarshen kanta. Kifaffun kofuna biyu da Delmar bai kai gare su ba suna nan inda aka bar su, Lorna tana goge kantar tana zagaye su. Orville ya daɗe yana juya kofinsa kafin ya nuna su da haɓa.

"Waɗannan fa? Ɗaya nawa ne."

"Nasa ne," ta ce. "Ka bar su."

Karyar tana kwance a bakin ƙofa, duk wanda ya turo sai ta ɗaga kai ta duba, ta mayar. Waya ta yi ƙara. Lorna tana riƙe da faranti biyu, ta dire su a gaban wanda ba nasa ba, ta ɗauka tun kafin ta yi ta biyu. Wani ne yake tambaya ko kifi ya rage.